Tarihin Tallafin Karatu da Sunan Kocin Ƙwallo

Tallafin karatu da sunan koci wani asusu ne da tsofaffin ɗalibai, iyali ko mutanen gari kan kafa domin tunawa da malamin wasa da ya daɗe yana horar da yara a makarantar sakandare. Duk shekara a zaɓi ɗalibi ɗaya ko biyu daga cikin masu kammalawa, a ba su kuɗin shiga jami'a. Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka, inda wasan ƙwallon da ake nufi shi ne nasu na runguma da ture, wanda ake sa hular kwano, ba tamaular da ake bugawa a Maraɗi ko Kano ba.

Asalinta yana cikin jami'o'i. A 1869 Rutgers da Princeton suka yi karawar da ake ɗauka ita ce ta farko tsakanin jami'o'in ƙasar. Kafin ƙarnin ya ƙare wasan ya zama abin tara jama'a da kuɗi, sai attajirai daga cikin tsofaffin ɗalibai suka fara biya wa ƙarfafan samari kuɗin makaranta a ɓoye. Mace-macen da aka yi a fili a 1905 suka sa shugaba Theodore Roosevelt ya kira shugabannin wasan, a 1906 kuma aka kafa ƙungiyar wasannin jami'o'i da daga baya ta zama NCAA. A wancan lokaci, ita a bakinta ɗalibi ba ya wasa don kuɗi. A aikace kuwa, rahoton Gidauniyar Carnegie na 1929 ya nuna cewa mafi yawan makarantun da aka bincika suna tallafa wa ƴan wasansu ta bayan fage.

Daga nan aka yi ta ja-in-ja. Gamayyar jami'o'in kudu maso gabas ta halatta tallafin a fili a 1935. NCAA ta yi yunƙurin taƙaita shi da dokar 1948, dokar ta gagara aiki, aka soke ta a 1951, a 1956 kuma NCAA ta amince a biya wa ɗan wasa kuɗin karatu da ɗaki da abinci. Dokar 1972 da ta hana wariyar jinsi a makarantu masu karɓar kuɗin gwamnati ta buɗe wa ƴan mata ƙofa. Amma a 1973 aka mayar da tallafin na shekara ɗaya-ɗaya, koci ya sabunta ko ya ƙi. A lokacin, wannan ya sa yaron da ya karye ko ya daina taɓukawa yana iya rasa karatun gaba ɗaya.

Ƙananan asusun sakandare sun tsiro ne a gefen wannan tsari, kuma a nan bambancinsu yake. Fiye da samari miliyan ɗaya ke buga wannan wasa a sakandare kowace shekara, alhali bisa lissafin NCAA kusan kashi 2 cikin 100 na ƴan wasan sakandare ne kawai ke samun tallafin wasa a jami'a. Sauran su ne asusun koci ke nema. Kuɗin ba su da yawa, galibi ɗaruruwan dala ko ƴan dubbai, ana tara su ta gudummawar ranar jana'iza, liyafar shekara ko gasar tsofaffin ɗalibai, a damƙa wa makarantar ko gidauniyar gari, irin wadda aka fara kafawa a Cleveland a 1914. Yawanci ba a ɗora wa yaro sharaɗin ci gaba da wasa. Ana duba halinsa, makinsa da halin gidansu, kuma sau da yawa wanda ya sha zaman benci bai fasa zuwa atisaye ba shi ke ɗauka. Hikimar a bayyane take: kocin da ya yi shekara talatin a makaranta ɗaya ya horar da uba da ɗa, don haka masu sa hannu a aljihu ba su ƙarewa.

Misalin da ya fi shahara na jami'a ne. Paul Bryant, kocin Alabama daga 1958 zuwa 1982, ya ci wasa 323 a rayuwarsa ta horarwa, ya ɗauki kambun ƙasa sau shida. Tun yana raye ya kafa asusu domin ƴaƴan waɗanda suka yi wasa a hannunsa, asusun kuma ya ci gaba da aiki bayan rasuwarsa a Janairun 1983.

A ƙasar Hausa karramawar ta bi wata hanya: a sa wa fili ko kofi suna. Filin kokawa na Maraɗi yana ɗauke da sunan Yakuba Ango Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko a gasar kokawa ta ƙasar Nijar ta 1975 a Tawa. A Kano akwai Kofin Ramat na matasa, don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad da aka kashe a Fabrairun 1976. Tallafin karatu kuwa a Nijar aikin gwamnati ne ta hannun hukumar ANAB, sakamakon jarrabawa ake dubawa. Ɗalibin da ya taso daga Safo, cikin gundumar Madarunfa, makinsa na bakaloriya ne zai sama masa shi, komai gwanintarsa a fili.