Ogan ɗin Coci: Daga Zuga-zugi zuwa Lantarki

Ogan babban kayan busa ne da ake girkewa a coci: ɗaruruwa ko dubban bututu na ƙarfe da katako, kowanne da muryarsa, makaɗi na danna madannai da hannu da ƙafa, iska na ratsa su. Asalinsa Iskandariyya ta Masar, inda wani mai suna Ktesibiyos ya ƙera shi a ƙarni na 3 kafin miladiyya, daga baya ya samu mazauni a majami'un Turai.

Shekaru aru-aru da ƙarfin mutum yake aiki. A bayansa akwai masu zuga, irin na maƙera, waɗanda ba a ganinsu, amma in suka gaji kiɗa ya mutu. Kowane madanni kuma sandunan katako ne ke haɗa shi da murfin bututu, don haka girman ogan shi ne nauyinsa a yatsun makaɗi. A 1841 maƙerin ogan Aristide Cavaillé-Coll ya rage wannan nauyi a cocin Saint-Denis da ke Faransa, da na'urar iska ta Charles Barker.

Lantarki ya shigo ta ƙofa biyu: inji ya karɓi aikin masu zuga, waya kuma ta maye gurbin sanduna. A ƙarshen shekarun 1880 Robert Hope-Jones ya gyara ogan ɗin cocin St John a Birkenhead ta Ingila, har ana iya ɗauke teburin madannai a kai shi nesa da bututun. An samu sauƙi, amma an yi ɓarna: da sunan zamani aka farke tsofaffin ogan masu yawa, muryoyinsu na asali suka salwanta. Tun 1906 Albert Schweitzer ya koka da wannan ɓarna a rubuce, kuma da gaskiyarsa.

Ogan ɗin cocin Notre-Dame a Faris, mai bututu kusan 8,000, Cavaillé-Coll ya sake gina shi a 1868, aka haɗa madannansa da lantarki wajen 1960. Ya tsira daga gobarar da ta tashi a cocin a 2019, sai dai ƙurar dalma ta rufe shi. Aka kwance shi, aka wanke, ya sake amo a Disamba 2024.

A ƙasar Hausa 'yan mishan sun fi zuwa da ƙaramin hamoniyam da ake zugawa da ƙafa, mai sauƙin ɗauka. A majami'un Funtua da Malumfashi, har ƙauyukan Maguzawan da suka karɓi Kiristanci, ganga da tulu da kacau-kacau na zumuntar mata ne ke riƙe waƙa. Da lantarki ya zo, kibod da lasifika da janareta ya kawo.