Labarin Kisan Kai a Gidan Styles

'Yan makaranta, Turawan Ingila suna da wani irin littafi na farautar mai laifi. Sukan kafa labarin a babban gida na ƙauye, kamar gandun wani babban manomi a Gozaki, inda dangi da barori da baƙi ke kwana cikin katanga ɗaya. Sai a wayi gari an kashe wani, ba kuwa ɓarawon da ya hauro. To, wa ya yi?

Wata mace, Agatha Christie, ta rubuta irinsa a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko. Ta yi aikin haɗa magani a asibitin Torquay, can ta san sha'anin guba. Aka buga littafin a 1920, sunansa The Mysterious Affair at Styles. Wata tsohuwa mai dukiya aka ba guba. Ga miji, ga magada, kowa da abin da yake ɓoyewa. Poirot, tsohon ɗan sandan Beljiyam da yaƙi ya koro, shi ya bi sawu.

Da fari a gaban alƙali ta ƙare labarin, masu ɗab'i suka ce ta sake. Sai ta sa Poirot ya tara mutanen gidan a ɗaki guda, ya warware musu zare da abawa. Wannan dabara ta zama al'ada a littattafanta.

A 1990 aka mai da shi wasan talabijin, David Suchet ya fito a Poirot. A 2005 BBC ta yi wasansa a rediyo.

Ku lura, Poirot bai kama sunan kowa ba sai da hujja ta cika. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.