Daga 'Yar Tsana Zuwa Dabo-Dabo: Tarihin Wasan Da Ke Neman Ɓacewa

Yau tarihinmu ya leƙa wani abu da ake rainawa, wato 'yar tsana da ɗakinta.

Iyayenmu mata a nan Bulabulin da sauran unguwannin Maiduguri sun san cewa a da ba a kanti ake sayen 'yar tsana ba. Yarinya ce ke zaɓen abin da za ta yi ta da shi: karan dawa, ko ƙashin ƙafar rago, musamman bayan Babbar Sallah. A yi mata gashi da zare a kitse, a samo ƙyalle wurin tela a ɗaura mata zane da kallabi, a sa mata 'yan duwatsu a wuya.

Amma 'yar tsana ba ta cika sai da ɗaki. A nan gwaninta take. Ana yin gado da kara, kwalin ashana ya zama akwati, marfin kwalba ya zama kwano, a gina 'yan tukwane da yumɓu. Sai a yi jere kamar na amarya, manyan kaya a ƙasa, ƙanana a sama. Daga nan a ɗaura auren 'yar tsana, a kai gara, bayan kwana biyu a yi suna. Duk abin da yara suka gani a gidan biki sai sun kwaikwaya, shi ya sa masana adabin Hausa ke lissafa wasan cikin tushen wasan kwaikwayonmu na gargajiya.

Maza ma ba a bar su a baya ba. A shekarar 1910, shekara 3 bayan kafa Yerwa, wani Bature mai suna D. Alexander ya yi rubutu a mujallar Man ta Ingila kan wasan dabo-dabo da ya gani a ƙasar Borno. A 1935 kuma R. E. Ellison ya ba da labarin irinsa a mujallar Nigerian Field. Mai wasan kan kafa babbar riga kamar tanti, ya shige ciki, ya riƙa fito da 'yan gumakansa ta sama yana ba su murya. A Damagaram ana ce musu ɗiyan dabo.

Wasu ƙasashe sun adana nasu. A Ingila akwai gidan 'yar tsana da aka ƙera wa Sarauniya Mary tsakanin 1921 da 1924, inda kowane inci 1 yake wakiltar ƙafa 1 ta gidan gaske, kuma har yau yana fadar Windsor ana zuwa kallo. Ƙa'idar ɗaya ce da wadda yaranmu suka sani da ido: kada tukunya ta fi mai girki girma.

Ta fuskar addini, ya tabbata a Bukhari cewa Nana A'isha (RA) ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta, kuma malamai da yawa sun kafa hujja da wannan wajen halasta wa yara mata.

Roba ce ta sauya lamarin. Barbie ta fito a Amurka a 1959, ire-irenta masu araha suka cika kasuwanni, sannan waya ta zo ta ɗauke hankalin yara. Duk da haka akwai masu ƙoƙari. A 2007 Taofick Okoya ya fara Queens of Africa a Legas, 'yan tsana baƙaƙe masu shigar gida, Haneefah Adam kuma ta yi suna da Hijarbie mai sa hijabi.

Matsalar ita ce namu na kara da ƙashi ba ya daɗewa, ilminsa a ƙwaƙwalwar tsofaffi yake. Mai kaka a gida ya roƙe ta ta haɗa wa jikoki guda ɗaya da ɗakinta, a ɗauki hoto, a rubuta sunan kowane kaya da Hausa da Barbarci. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.