Ƙungiyar gama kai da maganar karatu



Iyayenmu sun zo Borno da adashi, kuma har gobe muna yi. Amma adashi amanar mutum ɗaya ce, ita kuwa ƙungiyar gama kai littafi ne ke riƙe da ita. Shi ya sa na bi tarihinta.

A garin Rochdale na Ingila, a 1844, mutum 28, da yawansu masaƙa, suka haɗa kuɗi suka buɗe ɗan kanti na gari da sukari da man shanu. Abin da ya burge ni shi ne, da kantin ya kafu sai suka ware kashi 2.5 cikin 100 na riba don ilimi, suka buɗe ɗakin karatu a saman kantin. Talakawa ne fa, ba attajirai ba. Sun gane cewa wanda bai iya duba lissafi ba, sunan mai kanti kawai gare shi. Har a 1995, da ƙungiyar gama kai ta duniya ta tsara ƙa'idojinta 7 a Manchester, ilimi da horarwa ne na 5.

A Nijeriya ta hannun gwamnati abin ya zo. Bature C. F. Strickland ya rubuta rahoto a 1934, aka yi doka a 1935. Daga baya aka samu kwalejojin horar da ma'aikatan gama kai a Ibadan da Kaduna da Oji River. A ganina nan aka yi tuya aka manta da albasa: an horar da jami'i mai zuwa duba littafi, shi kuwa manomin gyaɗa mai zuba kuɗin sai dai ya dangwala yatsa. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya ɗan taimaka, amma ba don wannan aka yi shi ba.

A ƙungiyar su mahaifina, mu da muka gama sakandare ake kira mu karanta littafin. Dattawan sun fi mu lissafin ka nesa ba kusa ba, wasu ma da ajami suke rubuta bashinsu, amma littafin da boko yake, takardun banki da Turanci. Na ba su shawara a ware wani abu daga riba, a samo malami ranar Juma'a da yamma. Sun ce sai bayan Sallah.