Aska ko bisturin lantarki: da wanne likita ke tsaga fata a ɗakin fiɗa?

Hanya biyu likitocin fiɗa ke bi wajen tsaga fatar majinyaci: askar ƙarfe, wadda ma'aikatan lafiya a Nijar ke kira bisturi, da kuma bisturin lantarki.

Askar tana da lambobi. Mai lamba 10 da mai 22 na doguwar tsaga ne kamar ta ciki, mai 15 ta ƙaramin aiki ce, mai 11 kuma mai tsini ce, da ita ake huda ƙurji. Yankanta sumul ne, ba ƙuna, sai dai jini na biyo baya har sai an tsayar da shi.

Na'urar lantarkin kuwa William Bovie ne ya ƙera ta, likitan ƙwaƙwalwa Harvey Cushing ya fara aiki da ita a Boston ta Amurka a 1926. Wutar da ke fita daga bakinta tana tafasa ruwan da ke cikin nama, naman ya rabu, ƙananan jijiyoyin jini kuma su toshe nan take. Ana manna wa majinyaci faranti, galibi a cinya, don wutar ta koma cikin na'urar.

An daɗe ana tsoron cewa zafin zai hana rauni warkewa ko ya jawo ruɓa. Shi ya sa likitoci da yawa ke buɗe fata da aska, sannan su ɗauki na lantarki idan sun shiga ciki. Amma nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2017 kan manyan ayyukan ciki bai gano wani bambanci bayyananne ba wajen ruɓar rauni. Ragin zubar jini da na lokaci ma kaɗan ne.

Kowanne da haɗarinsa. Aska na iya yankar ma'aikaci, ta sa masa cutar da ke yaɗuwa ta jini. Na lantarki kan ƙona fata idan farantin bai zauna daidai ba, yana iya tayar da gobara idan alkol ɗin da aka shafa bai bushe ba, kuma yana rikita na'urar daidaita bugun zuciya. Wanda ke ɗauke da irin wannan na'ura, ko wani ƙarfe a jiki, ya wajaba ya sanar da likita kafin aiki. Haka kuma bisturin lantarki sai da tsayayyar wuta, shi ya sa ba a raba ɗakin fiɗa da aska.