Daga Lifidin Kanajeji Zuwa Buhun Ƙyallayen Tela

Maƙalarmu ta wannan mako ta shafi ƙyalle, wato guntun yadin da yake faɗuwa ƙarƙashin almakashin tela. Da yawanmu idan muka ga bargo ko shimfiɗar da aka haɗa da ƙananan ƙyallaye masu launi daban-daban, sai mu ɗauka dabarar Turawa ce. Tarihin ƙasar Kano bai yarda da haka ba.

Mu fara da tufar kanta. Masaƙar gargajiya ta maza ba ta fitar da yadi mai faɗi, siririn sawu take fitarwa, sai maɗinki ya jera sawaye ya haɗa su da allura kafin a sami riga ko zane. Turkuɗin da ya fito da sunan Kura har cikin Sahara, sawayensa sun fi na kowace tufa siranta. Ashe ke nan haɗa ƙanana su zama babba shi ne tushen ɗinkin Bahaushe tun kafin zuwan keke.

Inda wannan fasaha ta fi nuna kanta shi ne lifidi. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Littafin ya faɗi dalili: yawan mutanen da Kano ta rasa a yaƙin Umbatu. Don haka tsoron kibiya ne ya haifi lifidi, ado daga baya ya zo.

Yadda ake yin sa shi ne a shimfiɗa tufa biyu, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakaninsu, sannan a bi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri guda. Kibiya idan ta shigo sai ta maƙale a ciki kafin ta kai ga fatar doki ko ta mahayi. Fuskar waje kuwa akan haɗa ta da yankakkun ƙyallaye, ja da rawaya da baƙi, wasu masu kusurwa uku wasu huɗu. Kowane yanki sai ya yi daidai da ɗan'uwansa, in ba haka ba layin ya karkace. Aibin lifidi nauyi da zafi da saurin kama wuta. Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Bello a ƙasar Gobir a 1826, ya ba da labarin cewa mahayin da ya sa lifidi sai an taimaka masa kafin ya iya hawa doki.

Bindiga mai ruwa ce ta kawo ƙarshen aikinsa a fagen fama. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, auduga ba ta da sauran abin da za ta tare. Lifidi ya koma kayan hawan Sallah, kuma har gobe muna ganin 'yan lifida a cikin jerin Sarki. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake alkintawa.

Ƙyalle yana da tarihi a ɓangaren addini ma. Sufaye sun daɗe suna sa riga mai maho don nuna gudun duniya. Mabiya Mahadin Sudan, wanda ya bayyana da'awarsa a 1881, sun mayar da jibba mai faci kakin yaƙinsu, har facin ya tashi daga alamar talauci ya zama ado da ake yankawa a jera da gangan. A Senegal, 'yan Baye Fall, mabiya Shehu Ibra Fall a ɗariƙar Muridiyya, har yau da rigar haɗe-haɗen ƙyallaye ake gane su. A Amurka kuwa, matan ƙauyen Gee's Bend, jikokin bayi, da tsofaffin tufafin aiki suka riƙa haɗa barguna don maganin sanyi. A 2002 aka baje waɗannan barguna a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York.

Yanzu mu dawo gida Wudil. Duk wanda ya ratsa shagunan teloli gab da Sallah zai ga buhunan ragowar shadda da atamfa da leshi. Kaɗan ne ake cusa wa matashin kai ko a yi wa yara 'yar tsana da su, yawanci bola ko wuta suke komawa, wasu su toshe kwata da damina. Kakanninmu da suka san wahalar kaɗi da saƙa ba su zubar da ko tafin hannu na tufa. Sai an yi mata maho, in ta gaji ta zama tsumman goyo, daga nan ta koma gammo.

Abin da ya shafe mu a matsayin marubuta shi ne kalmomin. Littattafanmu sun cika da sunayen leshi da shadda masu tsada, amma da wuya mu karanta labarin da jarumarsa take haɗa ƙyallaye ta biya kuɗin makaranta, ko na dattijon da ya gaji ɗinkin kayan doki. Tsofaffin da suka san sunan kowane irin ɗinki suna ƙarewa, kuma abin da ba a rubuta ba tare da mai shi ake binne shi. Ranar Juma'a idan mun shiga kasuwar Wudil, mu tsaya wurin masu ɗinkin hannu da masu kayan doki da takarda da biro, mu tambaye su sunayen abubuwa da yadda ake yin su, mu rubuta kamar yadda suka faɗa.

Allah ya sa mu dace.