Lambar da ke saman akwati

Lokacin da nake lise, mun haddace jadawalin sinadarai kamar karatun allo: haidurojin 1, kabon 6, ƙarfe 26. Ni dai a zatona lambar kujera ce kawai, irin wadda ake bai wa ɗalibi ranar jarrabawa. Sai da na girma na san cewa ƙidaya ce ta cajin lantarkin da ke cikin cibiyar ƙwayar zarra, kuma wani saurayi ne ya tabbatar da hakan.

A shekarar 1869 Mendeleev, mutumin Rasha, ya jera sinadarai bisa nauyinsu. Jerin ya yi kyau, amma akwai inda ya ƙi zama. Kobal ya fi nikel nauyi kaɗan, alhali halayensa sun nuna shi ya kamata ya zo gaba. Haka aka bar su, babu gamsasshen dalili.

A 1911 Rutherford ya nuna cewa kusan dukkan nauyin zarra da cajinta na fozitif suna dunƙule ne a ƴar ƙaramar cibiya. Wani lauya ɗan Holan, van den Broek (lauya fa, abin da har yau yake ba ni mamaki), ya kawo shawarar cewa matsayin sinadari a jadawali daidai yake da yawan wannan caji. Hasashe ne kurum, har Henry Moseley ya gwada shi a Manchester a 1913. Ya riƙa harba wa ƙarafa elektron ɗaya bayan ɗaya, yana auna hasken da ke fitowa, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Hasken ya riƙa sauyawa daki-daki kamar hawan tsani, kowane sinadari mataki guda. Kobal ya tsaya a 27, nikel a 28. Ya kuma nuna guraben da babu kowa: 43, 61, 72 da 75.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya shiga soja. Ranar 10 ga Agusta 1915 harsashi ya same shi a ka a Gallipoli, ƙasar Turkiyya, yana da shekara 27. Raina yakan ɓaci idan na tuna yadda Ingila ta bar irin wannan kai ya tafi bakin daga.

Gurbi na 72 an cike shi a 1923 a Kopenhagen, da irin awon da ya bari. Yuraniyom ɗinmu na Arlit kuwa, kujerarsa ta 92 ce.